Yadda Za Ka Tsara Sahur da Buɗa-Baki Bisa Yadda Jiki Ke Samu da Adana Kuzari

Masu azumi da yawa suna zama gaban kwanon sahur da tunanin cewa wanda ya fi cika ciki da asuba shi ne zai fi jure yini, sai ga shi kafin azahar jiki ya mutu, kai ya yi nauyi, ƙishirwa kuwa ta taso tun da hantsi. Abin da ya jawo haka shi ne tumbi ba ma'ajiya ba ne da jiki zai riƙa gutsurar abinci daga cikinsa har magariba. Cikin awa 4 ko makamancin haka ya riga ya tura mafi yawan abin da aka ci zuwa hanji. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maradi azumi kan ɗauki awa 13 zuwa 14, saboda haka fiye da rabin yinin mai azumi yana tafiya ne a kan abin da jikinsa ya ajiye. Wanda ya san inda ajiyar take, da girmanta, da yadda ake buɗe ta, shi ne zai iya tsara cinsa ta yadda ƙarfinsa zai kai shi shan ruwa.

Ka fara sanin inda abincin yake zuwa

Abubuwa uku ne a cikin abinci suke ba jiki kuzari. Na farko shi ne sitaci da sukari, wato abin da ya fi yawa a gero da dawa da masara da shinkafa da doya da rogo da dankali da dabino. Na biyu shi ne furotin, sinadarin gina jiki da ake samu a wake da nama da kifi da ƙwai da nono da gyaɗa. Na uku shi ne maiƙo, kamar man gyaɗa da manja da man shanu da kitsen nama. Ana auna kuzarin da kalori: kowane giram na sitaci ko furotin yana ba da kalori 4, giram na maiƙo kuwa kalori 9, fiye da ninki biyu. Wannan lissafi ne ya sa cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa, wanda bai wuce giram 14 ba, yake ɗauke da kalori kusan 120.

Narkewar sitaci tana farawa tun daga baki, kuma kowa zai iya gwadawa da kansa. Ka ɗauki lomar tuwo ba tare da miya ba, ka yi ta taunawa na minti ɗaya ko biyu ba ka haɗiye ba, za ka ji ɗan zaƙi ya fara fitowa, domin akwai sinadari a cikin yawu da ke tsinka sitaci yana mayar da shi sukari. A tumbi furotin ne ake fara warwarewa, amma babban aikin a ƙaramin hanji yake, inda ruwan maɗaciya ke tarwatsa maiƙo zuwa ƙananan ɗigo, wata gaɓa kuma da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, take zubo sinadaran da ke ƙarasa narkar da komai. Daga nan sitaci ya zama gulukos, wato sukarin da ke yawo a jini, ya ratsa bangon hanji ya nufi hanta, sannan ya bazu a jiki.

Gulukos ɗin kansa ba shi ne ke motsa tsoka kai tsaye ba. A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai wasu ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona gulukos da maiƙo tare da iskar oksijin da muka shaƙa, a tattara kuzarin cikin wani sinadari mai suna ATP, a fitar da ruwa da iskar da muke busarwa. Masanin kimiyya Hans Krebs ne ya fayyace tsakiyar wannan aikin ƙonawa a shekarar 1937 a Ingila. Jiki ba ya tara ATP da yawa, ƙera shi yake yi yana kashewa nan take, har abin da mutum ke juyawa a yini ɗaya yakan kai kusan nauyin jikinsa. Murhun kuma yana buƙatar mataimaka: sinadarin ƙarfe da ke cikin jini shi ke ɗauko oksijin, bitamin na rukunin B kuma su ke sa ƙonawar ta gudana. Shi ya sa mai ƙarancin jini zai ci ya ƙoshi amma gajiya ba ta sake shi ba, kuma shi ya sa hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, da wake da zogale da hanta, suke da muhimmanci fiye da abin da ƙoshinsu ke nunawa.

Ma'ajiya uku: ƙwarya, buhu da rumbu

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar ajiyar jiki ita ce a dubi gidan manomi. Akwai garin da ke cikin ƙwarya a gefen murhu, akwai buhun tsabar hatsi a ɗaki, akwai kuma dammunan da ke rumbu.

Garin ƙwarya shi ne gulukos da ke cikin jini, kuma ƙanƙantarsa tana ba mutane mamaki: a jinin baligi mai lafiya gaba ɗaya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ƙwaƙwalwa kuwa, wadda nauyinta kashi 2 ne kawai cikin 100 na jiki, tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da mutum ke kashewa yana hutawa, kuma tana buƙatar gulukos kimanin giram 120 a yini. Jajayen ƙwayoyin jini ma ba su da wani makamashi sai shi. Dole ne ke nan a riƙa cika ƙwaryar ba dare ba rana.

Buhun ɗaki shi ne gilaikojin, wato gulukos da aka ɗaure wuri ɗaya aka ajiye, wanda likitan Faransa Claude Bernard ya gano a hanta a shekarar 1857. Hantar baligi tana riƙe kimanin giram 100, tsokoki kuma kimanin giram 400, duka-duka kuzarin da bai wuce kalori 2,000 ba. A nan akwai abin da ya kamata mai azumi ya riƙe da kyau. Abin da tsoka ta ajiye nata ne ita kaɗai, ba ta iya sakinsa cikin jini don ƙwaƙwalwa ta amfana, hanta ce kaɗai ke raba nata ga sauran jiki. Wannan giram 100 na hanta shi ne ke tallafar kanka daga hantsi zuwa yamma, kuma idan ba a ci komai ba yakan kusa ƙarewa cikin yini ɗaya da dare ɗaya. Buhun yana da iyaka, idan ya cika ya cika, duk abin da aka ƙara a kai rumbu za a kai shi.

Rumbun shi ne kitse. Mutum mai nauyin kilo 70 wanda ba a ganinsa a ce mai ƙiba ne yakan ɗauki kitse kilo 10 ko fiye, abin da ya haura kalori 70,000, wato abincin makonni. Sai dai kamar yadda dami ba ya zama tuwo sai an yi sussuka da surfe da niƙa, haka kitse yake buƙatar lokaci da isasshen oksijin kafin ya zama kuzari. Yana ɗaukar nauyin aiki mai sauƙi da tafiya a hankali da zaman kasuwa ko ofis sosai, amma ba ya iya biyan buƙatar aikin da ke sa haki. Ƙari a kan haka, jiki ba ya iya mayar da mafi yawan kitse gulukos, ɗan ɓangare ne kawai nasa ke juyuwa. Idan ajiyar hanta ta ja baya sosai, sai ta koma ƙera sabon gulukos daga wannan ɗan ɓangare da kuma furotin, wanda ba shi da rumbu na kansa, daga tsoka ake ciro shi.

Masu riƙe mabuɗin waɗannan ɗakuna sinadarai biyu ne da fankiriyas ke fitarwa. Insulin, wanda aka fara tacewa a birnin Toronto na Kanada a 1921, yana tashi bayan cin abinci ya ce a shigar da gulukos cikin ƙwayoyin jiki, a cika buhu, a kai saura rumbu, kuma muddin yana sama ƙofar fitar da kitse daga rumbu a rufe take. Gulukagon yana tashi lokacin da sukarin jini ya fara sauka ya ce hanta ta kwance buhu. Tsarin cin mai azumi gaba ɗaya ƙoƙari ne na ganin waɗannan biyu sun miƙa wa juna aiki sannu a hankali, ba tare da fizga ba.

Sahur: ka nemi abin da zai sauka a hankali

Abu na farko shi ne kada ka yi ɗore da gangan. Wanda ya ci abincinsa na ƙarshe da ƙarfe 9 na dare ya kwanta bai tashi ba, azumin fiye da awa 21 zai yi, kuma hantarsa ta riga ta kashe wani kaso na ajiyarta tana ciyar da ƙwaƙwalwa cikin barci tun kafin alfijir ya keto. Sunnar jinkirta sahur zuwa dab da asuba ta dace da wannan lissafi daidai, domin kowace awa da aka jinkirta awa ce da aka rage wa hanta na ɗaukar nauyi ita kaɗai.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci, shi ne zaɓen abin da za a ci. Kofin koko da aka tace shi fes aka zuba masa sukari cokali huɗu, da farin biredi da shayi mai zaƙi, suna shiga jini kusan lokaci ɗaya. Sukarin jini sai ya yi tsalle, insulin ya fito da yawa ya kwashe shi, bayan awa 2 ko 3 mutum ya ji yunwa da kasala kamar bai ci komai ba. Abin da kake nema shi ne abincin da zai daɗe yana sakin gulukos kaɗan-kaɗan, ta yadda hanta ba za ta fara taɓa buhunta ba sai rana ta ɗaga. Abubuwa uku ne ke rage saurin narkewa: dusa da zaren da ke cikin hatsi da ganye, furotin, da ɗan maiƙo. Idan ka haɗa ukun a kwano ɗaya ka yi sahur mai kyau, ko da kuwa bai cika kwanon ba.

Abin farin ciki shi ne girkin Hausawa ya riga ya tanadi wannan haɗi tun kafin a san sunayen sinadaran. Tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko ta kuɓewa da ɗan kifi ko nama ya fi tuwon farar shinkafa riƙe ciki. Wake da shinkafa, idan aka sa waken ya rinjayi shinkafar, yana daga cikin mafi kyau, domin busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa furotin ne, ga kuma zare mai yawa. Haka alale da ƙwai, da dambu da zogale da gyaɗa, da fura da kindirmo idan ba a kashe ta da sukari ba, wadda ita kuma ta haɗa gero da furotin da maiƙo da ruwa a ƙwarya ɗaya. Ɗumame ma yana da wata fa'ida da ba kowa ya sani ba: idan aka dafa sitaci ya huce ya kwana, wani ɓangare nasa yakan sake tsari ya yi wuyar narkewa, ko da an sake ɗumama shi, don haka yana ɗaga sukarin jini ƙasa da sabon tuƙi. Bambancin ba mai girma ba ne, amma ya isa ya sa uwargida ta daina ganin ɗumamen sahur a matsayin abincin rashi. Sharaɗin kawai shi ne a adana shi da tsafta a kuma ɗumama shi ya yi zafi har ciki, musamman a lokacin bazara da abinci ke saurin lalacewa.

Game da ruwa, jiki ba shi da randar da zai tara shi. Wanda ya kwankwaɗi kofi biyar a minti goma na ƙarshe kafin kiran salla, ƙoda za ta fitar da yawancinsa kafin hantsi. Ka sha kofi biyu ko uku a natse tare da abincin, ka rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da yaji mai yawa, domin gishirin da ya yi yawa da ruwa ake fitar da shi, kuma shi ne kan taso da ƙishirwar safe.

Da rana: ka kashe abin da ke buhu da lissafi

Daga asuba zuwa hantsi kana tafiya ne a kan sahur, daga nan zuwa azahar hanta ta karɓa, daga azahar zuwa magariba kuma kitse ne ke ɗaukar kaso mafi girma yayin da hanta ke tattalin abin da ya rage saboda ƙwaƙwalwa. Tunda aiki mai sa haki gilaikojin yake ci, to ga mai dako da ɗan ga-ruwa da birkila da manomin rani, dabara ita ce a kawo aiki mafi nauyi da sassafe, lokacin da ajiya ke cike kuma rana ba ta yi zafi ba, a bar mai sauƙi zuwa yamma. Haka ɗalibi ya sa karatun da ke buƙatar zurfin tunani kafin azahar. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, yawancin galabaitar la'asar ba ƙarewar kuzari ba ce, rashin ruwa ne, domin jinin da ruwansa ya ragu yana wahalar da zuciya wajen kai oksijin ga tsoka. Inuwa da ɗan kishingiɗa bayan azahar sun fi amfani a nan fiye da ƙarin loma da asuba.

Buɗa-baki: ka cika buhu kafin ka tura rumbu

Buɗe baki da dabino da ruwa yana yin daidai abin da jiki ke buƙata a wannan lokaci. Dabino uku matsakaita suna ɗauke da sukari kimanin giram 15, wanda ya isa ya ɗaga na jini cikin mintuna kaɗan, hanta kuma ta fara mayar da abin da ta kashe. Bayan haka ka tashi ka yi sallar magariba, ka ba jiki wannan tazara, domin saƙon ƙoshi yana ɗaukar lokaci kafin ya isa ƙwaƙwalwa.

A nan ne gidaje da yawa ke rusa abin da suka gina da rana. Kowa ya san yadda tabarmar shan ruwa take: jug ɗin zoɓo mai sanyi da aka cika wa sukari, kunun tsamiya ko na gyaɗa, faranti shaƙe da ƙosai yana naso, soyayyar doya da ƙwai, soyayyen dankali, ga lemon kwalba a gefe, sannan tuwo yana jira bayan lisha. Mutum zai iya cin kalori 1,500 a zama ɗaya bai ankara ba, alhali hantar da ake son cikawa kimanin kalori 400 kawai take ɗauka. Tsoka za ta karɓi nata gwargwadon aikin da ta yi, saura kuwa kitse zai zama, musamman man suyar, wanda jiki ke kaiwa rumbu kusan kai tsaye ba tare da wani juyi ba. Nauyin jiki da gyangyaɗin da ke kama mutane a sahun asham daga nan suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga mai cin kalori 2,000. Lemon kwalba mai sukari yakan ɗauki kimanin giram 10 a kowane mililita 100, saboda haka kwalba ɗaya da kofin zoɓo mai zaƙi sun isa su ƙetare wannan iyaka.

Gyaran ba ya buƙatar a hana iyali abin da suka saba. A rage sukarin zoɓo da kunu zuwa rabi, a ɗauki soyayye iri ɗaya a maimakon uku, a kawo kankana ko lemon zaƙi ko gwanda waɗanda ke da ruwa da zare, a raba cin gida biyu: mai sauƙi bayan magariba, babban abinci kuma bayan asham, mai ɗauke da hatsi da miyar ganye da wake ko kifi ko nama, domin tsoka ta samu furotin da za ta mayar da abin da aka ara daga gare ta. Koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kasa ciki uku, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, ma'auni ce da za a iya aiki da ita a kowane zama. Ruwa kuma a riƙa shansa kofi-kofi tun daga magariba har kwanciya. Idan fitsarinka na dare ya koma fari-fari ka sha isasshe, idan har yanzu ja ne da sauranka. Mai fama da ƙarancin jini ya nisanta shayi da lokacin cin abinci da awa ɗaya, domin shayi yana rage tsotsar sinadarin ƙarfe, lemon tsami da tumatir kuwa suna ƙara ta.

Kada kuma ramar kwanakin farko ta ruɗe ka. Kowane giram na gilaikojin ana ajiye shi ne tare da ruwa kimanin giram 3, don haka idan ajiyar ta ragu sikeli zai nuna sauƙi nan da nan, kuma yawancin wannan ruwa ne da zai dawo. Kitse ba ya raguwa sai jimillar abin da aka ci tsakanin magariba da asuba ta gaza abin da aka kashe a yini da dare.

Duk abin da aka faɗa ya shafi mutumin da insulin ɗinsa ke aiki yadda ya kamata. Mai ciwon sukari, musamman wanda ke yin allurar insulin ko shan maganin da ke sa jiki ya ƙara fitar da shi, mabuɗan ɗakunansa ba sa sauya hannu da kansu, kuma sukarinsa zai iya faɗuwa da rana ko ya yi tashin da ke da haɗari bayan shan ruwa. Ya ga likitansa makonni kafin watan ya kama don a duba ko zai iya azumin, a kuma gyara masa lokaci da yawan magani, haka ma mai juna biyu da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda. Ya riƙa gwada jininsa da rana, idan na'urar ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300 a ma'aunin miligiram, ko ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi da jiri da ruɗewa, ƙa'idar likitoci ita ce ya karya azumin nan take ko da saura minti goma a kira salla. Idan sukarin faɗuwa ya yi, ya sha ruwa da aka jiƙa sukari cokalin cin abinci ɗaya a ciki ko ya ci dabino uku, ya sake gwadawa bayan minti 15, ranar kuma ya rama ta daga baya kamar yadda shari'a ta sauƙaƙa wa mara lafiya.